Babi na Tara: Ƙaho da Ganga, Babu na Uku

A tsohuwar ƙungiyar jaz ta New Orleans kowa ya san matsayinsa. Mai ƙaramin ƙaho ke jan waƙa, mai kilarinet ya yi mata ado daga sama, mai ganga ya riƙe taku don kada ƙafar masu rawa ta rikice. Mai turombon kuwa cike gurbi ne aikinsa: ya amsa wa na gaba, ya tallafi waƙar daga ƙasa, ya ja wani dogon sauti mai zamewa a inda jimla ta ƙare don wata ta samu wurin tashi. Idan ƙungiya ta hau amalanken doki tana zaga gari don tallar rawar dare, can ƙarshen amalanken ake zaunar da shi yana fuskantar baya, saboda bututun da yake turawa yana jawowa na neman fili, in ba haka ba sai ya zunguri ƙeyar wani. Kid Ory, wanda aka haifa a 1886, da wannan salon busa ya yi suna, kuma bai taɓa barinsa ba.

Mai turombon da mai ganga, ke nan, 'yan baya ne tun asali, masu yi wa wasu hidima. Abin da nake so mu duba a nan shi ne abin da ke faruwa idan aka sallami kowa aka bar su su biyu a kan dandamali. Babu piyano, babu bas, babu rubutacciyar waƙa, babu ma wanda zai ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin a fara. Ba su tsara komai ba sai lokacin haɗuwa. Abin da 'yan kallo za su ji a daren, su ma masu kiɗan a lokacin za su fara jinsa.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kakaki a ƙofar fada ya riga ya san rabin turombon. Dukansu dogon bututun ƙarfe ne, kuma babu wani abu a cikinsu da ke kaɗawa. Leɓɓan mai busa ne ke karkarwa a bakin bututun, bututun ya ɗauki karkarwar ya mai da ita murya. Sai dai tsawon kakaki ba ya canzawa ana cikin busa, shi ya sa muryoyinsa ba su da yawa. Turombon kuwa an lanƙwasa shi, tsawonsa ya kai kusan mita 2.7 in da za a miƙe shi, kuma an zura wani sashe nasa cikin wani yadda hannun dama zai tura ya ƙara masa tsawo, ko ya jawo ya rage. Malamai suna koyar da matsaya 7 a kan wannan hanya, kowace tana sauke murya da rabin mataki. Amma babu wata ƙugiya ko alama da ke tsayar da hannu a kansu. Kunne ne kawai ke gaya wa hannu ya isa. Tsakanin matsaya da matsaya kuma akwai muryoyi birjik waɗanda piyano ba shi da su sam, kuma mai turombon yana iya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya ba tare da sautin ya yanke ba, kamar yadda maƙogwaron mutum yake yi. Ga shi kuma muryarsa tana zaune ne kusan a inda muryar namiji take zama. Shi ya sa wanda bai taɓa jin jaz ba ma, da ya ji turombon sai ya ce wannan abin magana yake yi.

Wannan baiwar tana da farashi. Daga matsaya ta farko zuwa ta bakwai hannu zai yi tafiyar fiye da rabin mita. Mai saksofon yatsunsa kawai zai ɗan motsa ya sami muryar da yake nema, shi kuwa mai turombon sai ya aika dukan damtsensa. Lokacin da salon bibop ya zo a shekarun 1940 da gudunsa na fitar hankali, mutane da yawa sun ɗauka turombon ya gama yayi. J. J. Johnson ne ya cece shi. Ya koya wa harshensa yanka kowace murya tsaf, ya nemo hanyoyin da hannu zai rage tafiya, har wasu da suka ji shi a faifai suka yi zaton ba turombon mai bututun ja yake busawa ba. Gwaninta ce da babu mai musunta. Amma don a kai ga wannan tsabtar sai da aka ajiye gurnani, da zamiya, da shaƙaƙƙiyar muryar nan da Tricky Sam Nanton yake fitarwa a ƙungiyar Duke Ellington, lokacin da yake rufe bakin ƙahon yana buɗewa da robar da ake zuƙe toshewar magudanar ruwa, har ƙahon ya riƙa kuka kamar mutum.

Masu 'yantaccen jaz na shekarun 1960 su suka koma suka kwaso abin da aka zubar. Roswell Rudd misali ne mai kyau. Yana ɗalibi a jami'ar Yale tsohon salon New Orleans yake busawa, daga can kuma ya tsallako kai tsaye cikin sabon kiɗan New York, da gurnaninsa da zamiyarsa. A 1964 yana cikin ƙungiyar New York Art Quartet, wadda ba ta da piyano, kuma mai gangarta Milford Graves ne. Graves da Sunny Murray su ne kan gaba cikin waɗanda suka sauke wa mai ganga nauyin ƙirga lokaci. A hannunsu ganga ta daina zama agogon ƙungiya. Taku bai ɓace ba, amma ya daina zuwa a jere. Yana kumbura yana sacewa, yana gaggawa yana lafawa, yadda numfashin mai rai yake yi.

Da aka 'yanta ganga, haɗin mutum biyu ya zama abu mai yiwuwa. Wanda kowa ya fi sani shi ne na John Coltrane da Rashied Ali, da aka ɗauka ranar 22 ga Fabrairu 1967, 'yan watanni kafin rasuwar Coltrane, aka fitar a 1974 da sunan Interstellar Space. Saksofon da ganga kawai. Faifai ne da ya zama ma'auni: har yau idan mai saksofon da mai ganga suka haɗu su biyu, inuwarsa tana kansu. Ambaliya ce, mutum biyu suna zuba sauti ba ƙaƙƙautawa, kowa yana tura ɗan'uwansa gaba.

Turombon ba zai iya wannan tseren ba, ko a hannun wane ne. Leɓe yana gajiya da wuri fiye da yatsa, ƙahon yana shan iska da yawa, hannu kuma yana da nisan tafiya. Idan mai ganga ya buɗe wuta iya ƙarfinsa na minti goma, mai turombon zai iya yin ruri ya taso sama da shi na ɗan lokaci, daga nan sai ya nutse. Ni a ganina wannan gazawar ita ce arzikin haɗin. Tun da ba za a iya tsere ba, dole a yi zance. Mai ganga dole ya bar fili, mai ƙaho dole ya zaɓi abin da zai faɗa da numfashin da yake da shi. Duk lokacin da ya cire ƙahon daga bakinsa don ya ja iska, wani rami yana buɗewa a tsakiyar kiɗan, kuma babu piyano ko bas da zai rufe shi. Abin da mai ganga zai yi da wannan ramin, ya cike shi ne, ya bar shi ne, ko ya jefa ƙwaya ɗaya a ciki ya yi shiru, a nan ake gane ko wane ne shi.

Abin lura shi ne yawancin waɗanda suka ɗauki wannan haɗi da gaske a Turai suke. Na farko da ya kamata a ambata shi ne Albert Mangelsdorff, ɗan birnin Frankfurt na Jamus, wanda aka haifa a 1928. Ya fara ne da jaz na ƙa'ida, har ya je bikin Newport a Amurka a 1958. A 1969 kamfanin MPS ya fitar masa da faifan Albert Mangelsdorff and His Friends, inda kowace waƙa shi da mutum ɗaya ne kacal: nan shi da Don Cherry, can shi da Lee Konitz. Ɗaya daga ciki shi da Elvin Jones ne, mai gangar da ya yi shekaru yana bayan Coltrane. Elvin ba ya cikin masu zubar da taku gaba ɗaya. Yana riƙe da shi, sai dai yana murɗa shi, yana ɗora bugu uku a kan biyu har mai saurare ya rasa inda farkon yake alhali jikinsa na ci gaba da kaɗawa. Mangelsdorff ya samu abokin da ya dace da shi, domin shi ma bai taɓa raina waƙa mai daɗin rerawa ba ko a tsakiyar hargitsi. Sun sake haɗuwa a faifai a 1975, da mai bas a tsakaninsu, da kuma bayan haka.

Babban abin da Mangelsdorff ya kawo shi ne busa muryoyi da yawa a lokaci guda. Dabarar a faɗe mai sauƙi ce: leɓɓa suna busa murya ɗaya, maƙogwaro yana rera wata daban cikin bututun. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai, sai su gwabza a cikin ƙarfen su haifar da wasu muryoyin da babu wanda ya busa ko ya rera, wata a ƙasa, wata a sama. Mutum ɗaya, numfashi ɗaya, amma kunne yana jin uku ko huɗu. Ba shi ya ƙago ta ba. Tun farkon ƙarni na 19 Carl Maria von Weber ya nemi irin wannan daga mai busa ƙahon Turawa a wani rubutaccen kiɗansa. Amma kafin Mangelsdorff abin burgewa ne na ɗan lokaci. Shi ne ya zauna ya hore ta, ya san wace tazara ke haifar da me, ya gina waƙoƙi a kanta. A 1972, lokacin wasannin Olamfik a Munich, ya hau dandamali shi kaɗai da turombon ya yi cikakken wasa, abin da a lokacin mutane da yawa ba su zaci zai yiwu ba. Ga haɗin ƙaho da ganga wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haɗin muryoyin da aka rasa da aka sallami piyano ya dawo ta maƙogwaron mai busa, kuma yana iya kiransa ya sallame shi duk lokacin da ya so.

Mangelsdorff mai gini ne. Akwai kuma waɗanda suka fi son su wargaza ƙahon su ga abin da ke cikinsa. Günter Christmann da mai ganga Detlef Schönenberg sun kafa haɗin mutum biyu a farkon shekarun 1970, suka yi kusan shekara goma tare, kuma faifansu We Play ya fito a 1973 daga kamfanin FMP na Berlin. Wannan daɗewar tana da muhimmanci. Mutane suna ɗauka kiɗan nan-take ya fi kyau tsakanin baƙi da ba su san juna ba, wai don babu abin da za su dogara da shi. Wani lokaci haka ne. Amma mutum biyun da suka yi shekaru suna wasa sun san duk dabarun juna, kowa ya san inda ɗan'uwansa yake gudu ya ɓuya idan tunani ya ƙare masa, don haka babu wanda zai iya yaudarar wani da tsohon abu. Sanin juna yana ƙara wahalar aikin, ba ya rage ta.

Wanda na fi daɗewa a kansa cikinsu duka shi ne Paul Rutherford. An haife shi a Landan a 1940. A ƙungiyar kiɗan sojan saman Ingila ya haɗu da mai ganga John Stevens da mai saksofon Trevor Watts, kuma da su aka fara Spontaneous Music Ensemble, wadda daga 1966 ta mai da wani ɗan ƙaramin gidan wasan kwaikwayo, Little Theatre Club, wurin gwaje-gwajenta na dare. Stevens yana da wata ƙa'ida da ya riƙa koyarwa har ƙarshen rayuwarsa a 1994: idan ba ka jin abokin wasanka, to kai ne ka cika ƙara. Don ya bi ƙa'idar da kansa sai ya rage gangunansa, ya koma ƙanana masu gajeren sauti da ba sa danne kowa. Yana kuma ba ɗalibai atisaye iri biyu da suka shahara. A ɗaya kowa zai fitar da sauti mafi gajarta da zai iya, ɗis, ɗis, yana sauraron inda na wasu ke faɗawa. A ɗayan kowa zai riƙe sauti ɗaya iya tsawon numfashinsa. Wanda ya fahimci waɗannan atisaye biyu ya fahimci kayan aikin mai ganga da mai ƙaho.

Domin haka aka raba musu tun farko. Ganga tana da kaifi amma ba ta da tsawo. Ka buga, kafin sanda ta dawo sautin ya mutu. Ƙaho yana da tsawo, iyakarsa numfashi. A kiɗa na yau da kullum kowa yana tsayawa a rabonsa. Abin da Rutherford ya yi da mai ganga Paul Lovens, a faifan da suka fitar a 1978 a kamfanin Po Torch, wanda Lovens ɗin da Paul Lytton suka kafa da kansu, shi ne ƙin tsayawa a nan. Lovens, ɗan birnin Aachen da aka haifa a 1949, yana zama ne a gaban ƙananan ganguna, ya baza ƙananan farantan tagulla da guntayen itace a kan fatunsu don ya shaƙe amon, yana ɗauka yana ajiyewa da sauri ana cikin wasa. Yana kuma da zarto, wanda yake lanƙwasawa ya goga masa bakan goge, ya fitar da doguwar murya mai zamewa sama da ƙasa. Wato mai ganga ya shiga gonar turombon. Rutherford kuma yana da tarin sautukan da ba murya ba ne: ƙyas ɗin harshe, tsotsar leɓe, iska zalla ba tare da karkarwa ba, ƙunƙuni cikin bututu, robar nan ta Nanton yana buɗewa yana rufewa da sauri har sautin ya daddatse. Wato mai ƙaho ya shiga gonar ganga. Akwai wuraren da mai saurare, in ya rufe ido, zai rasa wanda ya yi wane sauti. Ba dabara ce ta burge mutane ba. Idan kowannensu zai iya yin aikin ɗayan, to babu wanda aka ɗora wa dole ya zama mai rakiya, kuma a kowane daƙiƙa sai an sake yanke shawarar wa ke gaba.

Kafin wannan faifan Rutherford ya riga ya ɗauki wasansa shi kaɗai a Landan a 1974, wanda kamfanin Emanem ya fitar a 1976 da sunan The Gentle Harm of the Bourgeoisie, kuma har yau masu busa suna komawa gare shi. Ɗan gurguzu ne na gaske, bai ɓoye ba, kuma a wurinsa kiɗan da babu shugaba babu mabiyi yana da alaƙa da irin duniyar da yake fata. Ko mutum bai yarda da siyasarsa ba, zai ji a busarsa cewa ba ya son ya danne kowa. Yana da raha, yana da saurin da ba a zata daga turombon, amma ya fi kowa sanin lokacin da zai janye.

Waɗannan mutane ba a warwatse suke ba. A tsakiyar shekarun 1970 Mangelsdorff da Christmann da Rutherford suna zaune a jere ɗaya cikin babbar ƙungiyar Globe Unity, wadda Alexander von Schlippenbach ya kafa a 1966, Lovens kuma yana kan ganguna a bayansu. A ɗaya gefen katangar Berlin ma abin ya kama. A Jamus ta Gabas akwai Conny Bauer mai turombon da Günter Sommer mai ganga, duka haihuwar 1943, waɗanda suka yi shekaru da dama suna wasa tare. Kiɗan da ba shi da kalmomi yana da wuyar tacewa ga hukuma, kuma matasa sun riƙa tururuwa zuwa ƙaramin garin Peitz don taron jaz da aka fara a 1973, har sai da gwamnati ta hana shi a 1982.

To, yaya abin yake daga ciki? Wahala ta farko ita ce farawa. Sautin farko, ko wane iri ne, ya riga ya rufe wasu ƙofofi. Idan mai ƙaho ya fara da doguwar murya mai taushi, ya gayyaci abokinsa wani ɗaki. Abokin yana iya shiga, yana iya ƙi. Sabon shiga yana ɗauka saurare shi ne maimaitawa: ƙaho ya yi ta-ta-ta, ganga ta amsa ta-ta-ta, ƙaho ya ɗaga murya, ganga ta ɗaga. Minti biyu na farko abin yana burgewa, daga nan sai ya gundura, domin mutum biyu sun koma mutum ɗaya da amsa-kuwwarsa. Gwanaye suna nuna sun ji ta wata hanya. Mai ganga yana iya ci gaba da abin da yake yi kamar bai ji ba, sai can bayan minti ɗaya ya dawo da wani ɗan guntun abin da ƙaho ya faɗa, a juye, a wani wuri da ba a zata ba. Yana iya ƙin bin gudu don ya ba gudun abin da zai jingina da shi. Saɓani ma amsa ce, matuƙar ya fito daga wanda ya ji.

Wahala ta biyu ita ce hannu yana da nasa tunanin. Wanda ya yi shekara ashirin yana busa, leɓensa da damtsensa sun haddace ɗaruruwan jimloli, kuma da zarar hankali ya ɗan kauce sai su fara zubo su da kansu. A babbar ƙungiya ana iya ɓoye wannan a bayan hayaniyar wasu. A haɗin mutum biyu babu maɓoya. Dole in faɗi gaskiya cewa ba kowane dare ake dacewa ba, kuma akwai faya-fayai da yawa na wannan salo da ba su da komai sai mutum biyu suna jera al'adunsu kusa da juna. Masoyan kiɗan ba sa taimakonsa idan suka ce duk abin da aka yi nan-take mai tsarki ne. Ana iya gane mai kyau daga marar kyau, kuma ba sai an yi karatun kiɗa ba. Tambayar ita ce: da za a cire ɗaya daga cikinsu a sa wani, abin da ɗayan yake yi zai canza? Idan ba zai canza ba, ba tare suke ba.

Ta uku ita ce gamawa. Rubutacciyar waƙa tana gaya wa kowa inda za a sauka. A nan kuwa ƙarshe yakan zo ne ba sanarwa: ƙaho ya sauke wata murya, farantin tagulla yana kan mutuwa, kuma na daƙiƙa ɗaya dukansu biyu suna iya tsayawa. Idan ɗaya bai gane ba ya ƙara bugu ɗaya, ƙofar ta rufe, sai a ci gaba da tafiya har wata ta buɗe, wataƙila bayan minti biyar, wataƙila bayan ashirin. Masu wannan sana'a suna yawan magana a kan ƙarshen da ya wuce su.

Akwai muhawarar da ba ta mutu ba: wannan jaz ne kuwa? Wasu daga cikin Turawan, musamman Derek Bailey mai jita, wanda ya yi wasa da Rutherford a ƙungiyar Iskra 1903, sun fi son a ce kiɗansu ba ya cikin kowane salo. Ana iya fahimtar dalilinsu. Ba sa so su zama masu kwaikwayon Amurkawa har abada. Amma George Lewis, baƙar fata ɗan Chicago wanda shi ma mai turombon ne, ya ja hankali a wata maƙala ta 1996 kan yadda ake ba da tarihin kiɗan nan-take na bayan 1950 ana share hannun baƙaƙen Amurka daga ciki. Lewis ya san ɓangarorin biyu: ya shiga ƙungiyar AACM ta Chicago a 1971, ya busa a ƙungiyar Count Basie a 1976, ya kuma yi wasa da Turawa irin su Bailey da Evan Parker. Ina tare da shi a wannan. Jerin gangunan da Lovens yake zaune a gabansu, ko ya rage su ko ya shaƙe su, a Amurka aka harhaɗa su don kiɗan da ya haifi jaz. Robar da ke hannun hagun Rutherford daga ƙungiyar Ellington ta zo. Tunanin ma cewa mai busa zai tashi ya faɗi nasa da muryar da ba ta kowa ba sai tasa, jaz ne ya koya wa ƙarni na 20. Turawan sun kai abin wani wuri da ba a taɓa kai shi ba, kuma wannan nasu ne. Amma hanyar da suka biyo sananniya ce.

Haɗin bai tsaya da wancan zamanin ba, kuma ba kullum yake da kaushi ba. A Suwizalan, Pierre Favre, wanda aka haifa a 1937 a garin Le Locle, ya haɗu da Samuel Blaser, haihuwar 1981 a La Chaux-de-Fonds, garuruwa biyu maƙwabta da suka yi suna wajen ƙera agogo. Shekara 44 ke tsakaninsu. Faifansu Vol à Voile ya fito a 2010 daga kamfanin Intakt. Favre yana cikin masu gangar da ke neman waƙa a cikin fata da tagulla, Blaser kuma ya gaji busa muryoyi da yawa irin ta Mangelsdorff. Wanda yake son ya fara sauraren wannan salo ba tare da ya firgita ba, daga nan zan ce ya fara, sannan ya koma baya zuwa ga Lovens.

Kuɗi kuwa babu su a wannan hanya, kuma ba a taɓa samu ba. FMP da Emanem da Po Torch duk ƙananan kamfanoni ne da masu kiɗan ko masoyansu suka kafa don babu wanda zai fitar musu da aikinsu. Rutherford, duk da girman da takwarorinsa suke ba shi a ƙasashe da dama, ya yi shekarunsa na ƙarshe da ƙarancin aiki a ƙasarsa, abin da ya dame shi ƙwarai. A 1999 ya je Japan ya yi wasa da mai ganga Sabu Toyozumi, wanda tun 1971 ya je Chicago ya zauna cikin mutanen AACM. Sun yi wasan ne a wani ƙaramin gidan shan kofi a garin Tokoname, su biyu, kuma aka naɗi sautin. Rutherford ya rasu a 2007. Sai a 2017 kamfanin NoBusiness na ƙasar Lituweniya ya fitar da wasan a faifai mai suna The Conscience, shekara 18 bayan daren da aka yi shi.